Inji Ɗaya Kwantenar Za Ta Ɗauka: Tunawa da Malam Kallamu Kafinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa.

Limaminmu, Malam Muhammad Sani, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Shugaban al'ummarmu ta nan Guangzhou, Alhaji Maidaji, da dattawan da ke gefensa. Alhaji Ibrahim Khalil, yayan marigayi, wanda ya taso tun daga Kano da shekarunsa da ciwon gwiwarsa, ya sha zaman jirgi kwana da yini domin ya zauna da mu yau. Uwarmu Hajiya Jumai, wadda ke takaba a ɗakin ciki, an bar ƙofa a buɗe domin ta ji mu. Ummu Salma, 'yar marigayi. 'Yan'uwanmu na Nijar da na Gana da na Mali, da maƙwabtanmu 'yan ƙasa da suka rufe shagunansu suka zo, da waɗanda falon nan bai ɗauke su ba suna tsaye a matakala, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Shehu, ana ce min Shehu Mai Jins. Wandon jins nake sara a Xintang in aika Kantin Kwari, shekara shida ke nan. Da Alhaji Maidaji ya ce ni zan yi magana yau, na ce masa a nemi mai ilimi. Ya ce ai babu gidan abincin da ke unguwar Xiaobei da ban ba da labarin injin nan a cikinsa ba, gara in ba da shi sau ɗaya a gaban kowa, jama'a su huta. Na karɓa, domin gaskiya ya faɗa.

Yau kwana arba'in da rasuwar Malam Kallamu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun yi rashi, kuma ni dai har yanzu idan lifta ta wuce hawa na tara a benen Tianxiu, inda ofishinsa yake, sai gabana ya faɗi.

Kafin in yi nisa, akwai maganar da kowa ya shigo da ita a ransa, gara a faɗe ta a fili. Gobe iyali za su zauna. Alhaji Ibrahim ya zo da niyyar a rufe ofishin marigayi a ƙarshen watan nan, idan Hajiya ta fita takaba ita da Ummu Salma su koma gida. Shi ya faɗa min da bakinsa, kuma ya ba ni izinin in ambata. Ummu Salma kuwa so take ta ci gaba da aikin mahaifinta, amma kunyar Baffanta ba za ta bar ta ta faɗa a gabansa ba. Ita ma na nemi izininta. Hukunci na iyali ne, ba namu ba. Ni shaida kawai na zo bayarwa a kan abin da idona ya gani.

Malam Kallamu ya kasance kafinta tun kafin ya zama komai. A Fagge ya koyi sana'a, ya yi shekara goma sha bakwai yana tuƙa injinan katako a wani kamfanin kujeru a Bompai har kamfanin ya rufe. A can ya bar kan yatsunsa biyu na hannun hagu. Idan aka tambaye shi sai ya ce inji bai ci amanarsa ba, shi ne ya juya yana amsa sallama. Ya zo garin nan shekara tara da suka wuce, lokacin da idan ka ji ana Hausa a titi sai ka tsaya ka rungumi mai yin ta. Aikinsa shi ne raka mutanenmu sayen inji, na katako da na niƙa da na walda, ya duba, ya gwada, ya sa a ɗaure shi yadda zai isa gida lafiya.

Ya kasance mutumin da ba ya iya zama a kan abin da ke rawa. Ranar da yaranmu suka buga wasan ƙarshe na ƙwallo da Ajantina a gasar Olamfik, muna cike a falon nan, kowa ransa a hannu. Malam yana durƙushe a ƙasa yana cusa ɗan guntun katako a ƙarƙashin ƙafar teburin talabijin. Aka ci mu, falo ya yi tsit, sai muka ji muryarsa daga ƙasa yana cewa, "Yawwa, yanzu ya zauna."

Ya kasance mai yi wa jama'a aiki ba tare da an roƙe shi ba. Kantar ajiye takalma da ke ƙofar wurin sallarmu shi ya haɗa ta, bayan ya gaji da ganin manyan 'yan kasuwa suna neman warin takalmi kamar masu neman allura. Kuma kun tuna yadda bana ta kasance mana kafin wasannin nan, da aka tsaurara maganar biza, aka daina sabunta ta a kusa, sai mutum ya koma har gida. Mutane suka riƙa tafiya cikin gaggawa, shago cike da kaya. Wa aka bar wa makullai? Malam ya kafa allo a bangon ofishinsa, ya jera ƙusoshi, kowane makulli da sunan mai shi a rubuce da ajami. Na ƙirga su wata rana, talatin da ɗaya. Duk Asabar sai ya zagaya ya buɗe shagunan nan iska ta shiga, saboda damshin garin nan ba ya barin yadi da fata. Akwai mutane a matakalar nan da suka dawo bayan wata uku suka tarar ko fumfuna ba ta taɓa kayansu ba.

Ya kasance kuma mai taurin kai a kan abu ɗaya, kuma a nan labarina ya shigo.

A watan Mayu yayana Isufu ya kira ni daga Kano. Yana da wurin kafinta a Na'ibawa 'Yan Katako, mutum goma sha ɗaya ke ci a ƙarƙashinsa, kuma komai da hannu suke yi. Ya samu aikin da bai taɓa samun irinsa ba, teburan ɗalibai ɗari uku da bencinansu, a gama kafin a koma makaranta a watan Satumba. Ya ce, "Shehu, kai da kake zaune a ƙasar injina, ka samo mana injin gogar katako." Na ce an gama. A tunanina injin gogar katako abu ɗaya ne, kamar a ce ka sayo dutsen guga.

Ban gaya wa kowa ba, na ɗauki mota na tafi Lunjiao, can Shunde, inda ake ƙera su. Lawban, mai kamfanin ke nan, ya karɓe ni da shayi. Ya ɗauko wani katako mai kaushi ya zura a bakin wani inji mai kama da akwati, injin ya ja shi da kansa, ya fito ta baya sumul. To, ku da kuke sana'ar tufa kun san yadda muke sayayya. Da tafin hannu muke saye. Mu shafa, idan ya yi santsi mu ce a ɗaure. Na shafa katakon nan kamar yadda nake shafa jins, na ji zuciyata ta kwanta, na ce wa lawban gobe zan dawo.

Na wuce wurin Saaka, ɗan'uwanmu na Kumasi mai lodin kwantena, ga shi can bakin taga yana murmushi tun ban faɗa ba. Na ce ya ware min wuri a gefen dilolina. Ya dube ni ya ce, "Masta Shehu, Malam Kallamu ya gani?" Na ce ni da na gani da idona fa? Ya ce, "Idonka na wando ne. Ka je hawa na tara."

Na je. Malam ya saurare ni har na gama yabon injin, sannan ya ce, "Ina katakon?"

Na ce, "Wane katako, Malam?"

Ya ce, "Katakon garinku. Ba na gwada inji da katakon mai inji."

Wannan ita ce ƙa'idarsa, kuma da yawanku ta taɓa ɓata muku rai. Ya ce min katakon da na gani a kamfani busasshe ne, an gasa shi, a miƙe yake tun kafin ya ga inji. Namu kuwa daga kudu ake yanko shi da ruwansa, a loda shi a tirela, ya iso Kano zafi da bushewa su kama shi, sai ya kantare, wani ya murɗe. Na ce Malam lokaci fa. Ya ce lokacin ne yake tattalawa. Haka aka nemi mai tahowa a satin, Isufu ya kai masa guntun katakon afara mai tsawon kamu biyu, ya taho da shi a jaka tsakanin kuka da yaji. Bawan Allahn nan ya ce ma'aikacin filin jirgi sai da ya ƙwanƙwasa katakon ya kara a kunne, ya kasa yarda mutum zai ɗauko icen banza daga Afirka zuwa Sin.

Muka koma Lunjiao mu uku, ni da Malam da Ummu Salma, domin ita ce bakinsa a wurin Sinawa, ita ce kuma mai karanta takardun injinan. Malam ya zura katakonmu a injin da na zaɓa. Ya fito sumul kamar wancan. Na dube shi ina jiran ya yaba min. Ya ɗora katakon a kan teburin ƙarfe, ya danna kusurwa ɗaya da yatsa. Ɗaya kusurwar ta ɗaga. Ya saki, ta koma. Katako ya yi ta rawa a gabana, ga santsi, ga karkata.

Ya ce, "Wannan injin kauri ne. Yana da rola a ciki da ke danne katako ya kwanta dole, wuƙa ta aske bayansa, yana fitowa ya koma yadda yake. Abin da ka ba shi zai mayar maka, sai dai ya fi siriri."

Sannan ya ja ni wurin wani inji mai dogon tebur, wuƙaƙensa na juyawa a tsakiya a fili. Ya dafa katakon ya tura shi a kai, sau biyar ko shida, yana ɗagawa yana dubawa ta gefe da ido ɗaya. Ya mayar da shi kan teburin ƙarfe, ya danna, ko motsi. Na ce to ai wannan ne. Ya miƙo min abin awo ya ce in auna bakin nan da bakin can. Ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ya ce, "Wannan injin miƙarwa ne, bai san kauri ba. Wancan ya san kauri, bai san miƙarwa ba. A fara da wannan, a gama da wancan."

Na ce a ba ni duka biyun. Sai dai Saaka ya riga ya gaya min wurin akwati ɗaya ya rage, kuma ita ce kwantenarsa ta ƙarshe kafin bizarsa ta ƙare ya tafi gida sabunta ta. Janaretan Isufu ma inji ɗaya zai iya ja. Malam bai yi dogon tunani ba, ya ce idan ɗaya ne, na miƙarwa. Abin da ya gaya wa kowa ke nan shekara da shekaru. Muka tambayi lawban ko yana da mai faɗi, ya ce meyo, babu, sai bayan wata biyu, mai inci takwas ne a ƙasa. Malam ya ce a ajiye mana shi.

Jama'a, kwana uku na yi ina wa'azin injin miƙarwa a Xiaobei. Duk wanda ya zauna kusa da ni cin shinkafa sai ya ji bambancin miƙarwa da kauri, ko da mai saran takalma ne a kasuwar Shahe. Ni da ban taɓa buga ƙusa ta shiga daidai ba.

A rana ta huɗu ciwo ya kwantar da Malam, aka kai shi asibiti. Na je duba shi bayan la'asar, na tarar da Ummu Salma zaune da littafin rubutu a cinyarta. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Baba, ina da magana a kan injin Baba Shehu, idan ba ka gaji ba."

Ya ce, "Faɗi."

Ta ce ta kira Kano, ta yi magana da Isufu da babban ma'aikacinsa. Ta ce, "Saman teburan nan inci goma sha biyu ne, injin da muka ajiye takwas ne. Sai sun tsaga kowane katako biyu su sake haɗawa da gam. Sannan a cikin mutanensa akwai dattawa huɗu da suka shekara talatin suna miƙar da katako da gogar hannu, fuska ɗaya ba ta ɗaukarsu lokaci. Abin da ke cinye musu yini shi ne su mayar da katako ɗari tara kauri ɗaya. Injin kauri suke buƙata. Kuma Baba, babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa tsayawa a gaban buɗaɗɗiyar wuƙa, mu kuma ba ma can balle mu koya musu."

Da ta faɗi wannan ba ta kalli hannunsa ba. Shi ne ya ɗaga hannun ya duba.

Na yi zaton zai yi faɗa, domin a gabana take warware maganar da kowa ya san shi da ita. Sai ya ce, "Idan suka yi ƙyuya suka zura katako bai miƙe ba fa?"

Ta ce, "Zan rubuta musu da boko da ajami, a liƙa a jikin injin daidai inda ake zurawa. Kuma Baba Isufu ya yi min alkawari dattawan nan huɗu ne za su riƙa duba kowane katako kafin ya shiga."

Ya ce, "Wuƙaƙen canji?"

Ta ce, "Saiti uku da bel biyu. Na tambayi lawban, akwai."

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ne ya ɗauke shi. Can ya buɗe ido ya ce, "Shehu, ka ji. Ni katako na duba, ita Isufu ta duba. Ka bi tata."

Ni kuwa, da yake bakina ba ya ajiye magana, na ce, "Ashe tun farko ni ne da gaskiya, Malam." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ma'aikaciyar asibiti ta leƙo tana harararmu. Da ya samu numfashi ya ce, "Kai shafa ka yi. Da ka aika shi a ranar, da yanzu Isufu na da tebur ɗari uku masu rawa."

Wannan shi ne mutumin da muka rasa. Dattijo mai shekara sittin da huɗu, a kan gadon asibiti, a gaban baƙo, 'yar cikinsa ta gyara masa magana a sana'ar da ya ba wa yatsunsa, ya auna ya ga ta fi shi hujja, ya ce a bi tata. Mu nawa ne a ɗakin nan za mu iya haka? Ni dai na san kaina, ko a kan launin wando ba na son a gyara min.

Ita ta koma Lunjiao ba tare da shi ba. Ina tsaye ta sa aka kunna injin, ta sa aka buɗe murfin ta duba wuƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, ta ce a sake ɗaure akwatin domin katakon ƙasansa ya yi siriri, ba zai jure hanyar Legas zuwa Kano ba. Lawban ya ce haka suke ɗaurewa kullum. Ta ce masa da yarensu shi bai san hanyar ba, ita ta sani. Aka sake.

Ba zan ce muku komai ya tafi sumul ba. Kaya sun daɗe a tashar jirgin ruwa. Ranar farko wani mai gaggawa ya tsallake takardar da aka liƙa, ya lalata katako biyu, Isufu ya sa shi ya karanta ta da ƙarfi a gaban kowa. Teburan sun makara da kwana tara. Amma an kai su, an karɓa, kuma ko ɗaya ba a dawo da shi ba.

A cikin azumi Isufu ya kira domin ya yi godiya. Lokacin Malam ya dawo gida, yana kwance a kujerar can da Malam Liman yake zaune. Ya ce ba ya son godiya, a kai wayar kusa da injin ya ji. Aka kai. Ya rufe ido ya saurara, daga Na'ibawa har nan. Sai ya ce, "Ku rage masa ci, kuna ba shi da yawa a lokaci ɗaya." Aka rage, ƙarar ta sauya, ya ce, "Haka." Hajiya tana nan, ta gani, ranar ya sha ruwa da fara'ar da ya daɗe bai yi ba. Mako guda bayan Sallah Allah Ya karɓi abinsa. Yau mutum goma sha huɗu ke aiki a wurin Isufu.

Hajiya Jumai, uwarmu, ke kika san nauyin abin da ya tafi, mu gefensa muka sani. Shekara tara kina dafa wa baƙin da ba ki san sunansu ba, domin duk wanda ya sauka a garin nan bai san kowa ba gidan nan ake kawo shi. Ni ma a tabarmar falon nan na kwana satina na farko. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki. Duk inda kika zaɓi zama, ki sani kina da 'ya'ya a nan.

Ummu Salma, mahaifinki bai bar ki da suna kawai ba, ya bar ki da sana'a, kuma ya yi miki shaida da bakinsa tun yana raye. Abin da zan roƙe ki shi ne gobe ki yi wa Baffanki magana yadda kika yi wa Babanki a asibiti, da ladabi, da hujja, ba tare da kin ɓoye abin da ke ranki ba. Duk abin da ya yanke, uba ne.

Alhaji Ibrahim, ranka ya daɗe, ka yi min afuwa idan na wuce gona da iri. Damuwarka gaskiya ce. Mata biyu a ƙasar da ba dangi, ga maganar takardu da ba ta da tabbas, ga nisa. Duk wanda ya ce wannan ba abin dubawa ba ne bai san nauyin zumunci ba. Mu ma mun zauna mun duba. Gida uku na mutanenmu ne a benen nan, da matansu da 'ya'yansu. Alhaji Maidaji ya ce in faɗa a gaban kowa cewa al'umma ta ɗauki nauyin tsaya mata a kan takardun ofis da na zama, kuma duk wata zai kira ka da kansa ya gaya maka halin da ake ciki, mai daɗi da marar daɗi. Ba mu ce har abada ba. Shekara guda muke roƙo, ka gani da idonka.

Kuma ranka ya daɗe, kada ka ɗauka don tausayi muke roƙo. Don kanmu muke roƙo. Mu masu shafa ne. Akwai ɗaruruwan irina a garin nan, ana kiran su daga gida ana cewa su sayo inji, su kuma su shiga kamfani su ga abu yana sheƙi su ce a ɗaure. Kowane inji da aka saya ba daidai ba, wani gida ne a Kano ko Maraɗi ko Tamale zai kwana da shi shekaru. Idan ƙofar nan ta rufe, ban san wadda za mu ƙwanƙwasa ba.

Shekaranjiya Isufu ya sake kirana. Ya samu aikin ƙofofi, ya canza janareta, yanzu yana son injin miƙarwa, mai faɗin, da wanda zai koya wa mutanensa yadda za su tsaya a gabansa su koma gida da yatsunsu cikakku. Ya ce in je in zaɓo. Na ce masa ya bari sai Litinin. Ranar Litinin da hantsi zan hau hawa na tara in tsaya a bakin ofishin nan. Idan na tarar da shi a rufe, zan juyo ba tare da na riƙi kowa a raina ba, in je in yi abin da na iya, kun kuwa ji abin da na iya. Idan na tarar da shi a buɗe, zan yi sallama in zauna in jira layi ya zo kaina.

A madadin iyali da al'umma, muna godiya ga Malam Liman da waɗanda suka sauke Alƙur'ani tun safe, da matan da suka yi girki, da waɗanda suka yi jinya da waɗanda suka yi wanka da sutura, da maƙwabtanmu 'yan ƙasa da suka zauna da mu ba sa jin abin da ake faɗa amma ba su tashi ba. Sheshe, mun gode. Wanda Malam ya taɓa ɓata wa rai, ko da a kan jiran katako ne, ya yafe masa domin Allah.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Kallamu, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa duk yaron da ya ɗora littafi a kan teburin da ya bi ta hannunsa ya zama lada mai gudana gare shi. Ka ba Hajiya Jumai haƙuri da lafiya. Ka dafa wa Ummu Salma. Ka mayar da Alhaji Ibrahim gida lafiya, Ka saka masa da alheri a kan zumuncin da ya taso shi. Ka sa albarka a zaman da za su yi gobe, Ka haɗa kansu a kan abin da ya fi alheri. Mu da muka rage a baƙunta, Ka kyautata ƙarshenmu, Ka sa mu cika da imani.

Allah Ya kai mu Litinin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.